Daga Lise Zuwa Jami'a: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Maraɗi Masu Son Karatun Kwamfuta

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da iyaye suka fi kawo wa malaman lissafi da kimiyya, musamman bayan fitowar sakamakon BEPC da kuma gab da jarabawar Bak. An fara da na tushe, aka gangara zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta dogara da wata mun nuna.

Me ake karantawa a fannin kwamfuta a jami'a? Ba Word da Excel ba ne?

A'a. Buga takarda, shirya jadawali da aika wasiƙa ta intanet, wannan birotik ne, kuma 'yan watanni a cibiyar horo sun isa a koye shi. Gyaran waya da na'ura ma sana'a ce mai zaman kanta. Abin da ake kira anformatik a jami'a shi ne ka koyi tsara hanyar warware matsala mataki-mataki, wato algoritim, ka rubuta ta da yaren da na'ura ke ganewa, ka tabbatar tana ba da amsa daidai a kowane hali, kuma ka san tsawon lokacin da za ta ci idan bayanan suka yi yawa.

Shi ya sa shekarar farko take cike da aljabra, analiz, algoritim, yaren shiryawa irin su C ko Python, da tsarin cikin na'ura. Aiki mai yawa a kan takarda ake yin sa, da biro. Ɗalibin da ya zo da tunanin zai wuni gaban allon kwamfuta yakan sha mamaki tun zangon farko, kuma abin da ya fi kayar da sababbin ɗalibai lissafi ne, ba rashin iya danna madannai ba.

Na ci BEPC. Wace siri zan nema?

Ka nemi Seconde C. Daga nan ne hanya ke rabuwa zuwa Première C ko Première D, kuma dukansu suna kai mutum karatun kwamfuta. Makinka na lissafi da fizik a ajin Troisième shi ake dubawa wajen tura ka, don haka shiri ba a lise yake farawa ba, tun daga kolej ne.

Idan ka kammala Seconde da ƙarfi a lissafi, siri C ta fi dacewa, domin lissafinta ya fi zurfi, kuma tana da babin aritmetik wanda kusan shi ne ƙofar anformatik. Ɗalibai da yawa da ke da ƙarfin C suna gudu zuwa D saboda tsoron da 'yan'uwansu suka sa musu. Wannan asara ce. Ajin C yawanci ba shi da cunkoso, malami yana iya duba littafin kowa. Sai dai ba kowane lise ke da shi ba. Ɗalibin Dakwaro, Mayahi, Tasawa ko Gidan Rumji ya tambaya tun farkon shekarar Seconde ko makarantarsu na buɗe Première C. In babu, iyaye su fara neman mai masauki da takardar canjin makaranta zuwa cikin gari tun kafin hutun damina.

Ina siri D. Na makara ke nan?

Ko kaɗan. Masu Bak D suna shiga sashen lissafi da anformatik, suna kuma cin konkur. Abin da ya rage maka shi ne ka cike giɓi biyu da kanka. Na farko aritmetik: ka ari littafin ɗan Terminale C ka karanta babin, ka yi atisayensa lokacin hutu. Na biyu sabawa da kafa hujja. A D an fi horar da ɗalibi ya yi amfani da ƙa'ida, a C kuma ana yawan tambayarsa ya nuna dalilin da ya sa ƙa'idar ta zama gaskiya, kuma irin wannan tambayar ce za ka tarar a jami'a. Duba amsar da ke bayani kan babukan lissafi.

Ɗan siri A ko ɗan lise na fasaha fa?

Ɗan siri E, da masu F2 ko F3 da suka saba da lantarki, suna da tushe mai kyau na ɓangaren na'ura da sadarwa. A Maraɗi Lycée Technique Dan Kassawa ne aka sani da karatun fasaha. Ɗan siri G ya fi dacewa da anformatik na gudanarwa, wato manhajojin lissafin kuɗi da ajiyar bayanai. Ga ɗan siri A kuwa, tsangayoyin kimiyya masu Bak na kimiyya suke nema. Wasu makarantu masu zaman kansu za su karɓe shi, amma karɓar ba ta ɗauke masa lissafin da ke jiransa ba. In har da gaske yake, ya ware watanni ya bi lissafin Première da Terminale D kafin ya biya kuɗin rajista.

Waɗanne babukan lissafi ne suka fi muhimmanci, kuma me ya sa?

Aritmetik ne kan gaba: rabawa da saura, lambobin farko, PGCD, kongiruwans (lissafi da saurar rabawa), da sauya lamba daga tushe zuwa tushe. Ɗauki hanyar Euclide ta neman PGCD na 252 da 105. Raba 252 da 105, saura 42. Raba 105 da 42, saura 21. Raba 42 da 21, saura 0. Amsa 21. Abin da ka yi yanzu cikakken algoritim ne: mataki ɗaya da ake maimaitawa, da sharaɗin tsayawa. Haka sauya 25 zuwa tushe 2: ka yi ta rabawa da 2 kana ajiye saura, ka karanta daga ƙasa zuwa sama, ka sami 11001. Da irin wannan rubutun na 0 da 1 na'ura ke ajiye komai. Kongiruwans da lambobin farko kuma su ne ginshiƙin tsarin RSA, ɗaya daga cikin hanyoyin kulle saƙo a intanet.

Sai jerin lambobi da hujjar da littafinku ke kira récurrence. Wanda ya fahimci yadda ake nuna cewa 1 + 2 + … + n daidai yake da n(n+1)/2, ta hanyar tabbatar da matakin farko sannan a nuna kowane mataki yana haifar da na gaba, ya riga ya fahimci yadda ake tabbatar da cewa madauki, wato umarnin da ake maimaitawa a cikin shirin kwamfuta, yana aiki daidai. Kada ka haddace tsarin rubuta ta kawai don samun maki. Ka tsaya sai ka gane dalilin da ya sa matakai biyun suka wadatar. Ƙidayar hanyoyi da yiwuwa suna biye: lambar sirri mai alƙaluma 4 tana da hali 10 000 ne kacal, shi ya sa ake toshe kati bayan 'yan kurakurai.

Logaritim ma ɗalibai na ɗaukar sa abin jarabawa kawai, alhali kullum ana cin karo da shi. A ce sunaye 1 000 000 ne a jere bisa haruffa. In ka bi ɗaya bayan ɗaya, kana iya duba miliyan ɗin duka. In kuwa ka buɗe tsakiya, ka jefar da rabin da sunan ba ya ciki, ka sake raba ragowar, dubawa 20 ta isa, domin 2 sau kanta har 20 ya kai 1 048 576. Wannan 20 ɗin logaritim ne a tushe 2. Deribe, antegiral da bektoci kuma za su dawo maka a analiz, a zanen hoto, da a fannin basirar na'ura.

Fizik, shimi da SVT: wanne zan fi ba ƙarfi?

Fizik, musamman lantarki: dokar Ohm, kondansata, da'irar RC da RLC, da raƙuman igiya. Su ne ke bayyana yadda sigina ke tafiya a waya da yadda na'ura ke bambance 0 da 1. Ka kula da ma'auni a kowace amsa. Ɗalibin da ke rikita milli da mikro zai rikita bit da okte gobe, alhali okte ɗaya bit 8 ne.

Shimi da SVT ba za su bi ka sosai cikin anformatik ba, amma kada ka yi musu riƙon sakainar kashi. A siri D kwafisiyan ɗin SVT babba ne, kuma maki biyu da ka zubar a can suna iya raba ka da mansiyon, wadda amfaninta ke cikin amsar da ta shafi burs.

Ina ruwan karatun kwamfuta da Faransanci, Ingilishi da falsafa?

Da Faransanci za a rubuta maka matsalar, kuma kurakurai da yawa daga rashin karanta tambaya da kyau suke tasowa: bambancin "au moins" da "au plus", ko na "et" da "ou", yana juya amsa gaba ɗaya. Falsafa tana horar da kai gina hujja da gano inda ta karye. Ingilishi kuwa ba makawa: kalmomin yarukan shiryawa, saƙonnin kuskure, da mafi yawan littattafan bayani da shi suke. Ba sai ka iya hira ba. Ka iya karanta shafi ɗaya na bayanin fasaha ka gane abin da ake nufi. Minti 15 a rana daga Seconde ya wadatar.

Dole ne in iya rubuta shiri kafin in shiga? Ba ni da kwamfuta.

Ba dole ba ne. Daga tushe ake farawa. Amma wanda ya taɓa gwadawa yana shiga da natsuwa, kuma ya riga ya san ko abin ya kwanta masa. Wayar Android ta isa farawa: manhajar Pydroid 3 tana gudanar da Python, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar intanet don ƙananan shirye-shirye. Shafin France-IOI kyauta ne, da Faransanci, atisayensa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yana kuma gwada amsarka nan take.

Ka riƙe yare ɗaya. Ka bi wannan jeri: ma'ajiyar ƙima (variable), sharaɗi, madauki, jerin abubuwa, sannan fonksiyon. Kowane shiri ka fara rubuta shi a littafi, ka bi shi layi-layi da hannu kana rubuta ƙimar kowace ma'ajiya, kafin ka buga. Wannan ɗabi'ar ta fi kowace manhaja amfani, domin jarabawar algoritim sau da yawa a takarda ake yin ta. Game da ChatGPT da ire-irensa: ka nemi su bayyana maka saƙon kuskure, amma kada su rubuta maka amsar. Shirin da ba kai ka haɗa ba, ba za ka iya gyara shi ranar da ya lalace ba.

Wane irin atisaye ya dace da mai farawa?

Ka ɗauko daga abin da ke gabanka. Shiri na farko: sauya dala zuwa faran, wato ninkawa da 5, da komawa baya. Na biyu: lissafa moyan ɗinka da kwafisiyan da ke kan takardar makinka. Na uku ya fi daɗi: shirin ba da canji da mafi ƙarancin ƙwandaloli. Hanyar da kowa ke fara tunani ita ce a ɗauki mafi girma da zai shiga, a ci gaba da ragowar. Gwada ta da canjin 400, dala tamanin. Shirin zai ba da 250, da 100, da 50, guda uku ke nan. Mai tebur a Babbar Kasuwa kuwa 200 biyu zai miƙa maka. Shirin bai yi kuskuren rubutu ba, dabarar ce ba ta kai ba, kuma ƙwandalar 250 ce ta tona ta. Cire ta daga jerin ka sake gwadawa, sannan ka tambayi kanka yaya za a gyara dabarar ba tare da an cire ta ba. Amsar wani babi ne sukutum a shekara ta biyu ko ta uku ta jami'a.

Wanda ya ƙara ƙarfi ya gwada hatimin lambobi, inda kowane layi, tsaye, kwance da karkace, ke ba da jimla ɗaya. Malamin nan Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, wato 3 sau 3, 5 sau 5 da sauransu. Ga wata sananniyar hanya ta 3 sau 3: sa 1 a tsakiyar layin sama; kowace lamba ta gaba ta hau sama ɗaya, dama ɗaya; in ta fita daga gefe ta shigo ta ɗaya gefen; in gidan a cike yake ta sauka ƙarƙashin lambar da ta gabace ta. Za ka sami 8 1 6, sai 3 5 7, sai 4 9 2, ko'ina jimla 15. Wannan fita ta nan a shigo ta can kongiruwans ce tsantsa, wadda aka ambata a amsar lissafi.

Shirina ya ƙi tafiya. Ina matsalar ta fi ɓuya?

Wurare kaɗan ne. A lakwal kun saba rubuta 12,5 da waƙafi; Python ɗigo yake so, 12.5. Abin da input() ya karɓa rubutu ne ba lamba ba, shi ya sa 2 da 3 ke ba ka 23 sai ka sauya su da int(). Alamar = ajiyewa take yi, == ce ke gwadawa. range(1, 10) a 9 yake tsayawa. Madaukin while da ka manta ka canza ma'ajiyarsa ba zai taɓa ƙarewa ba. Tazarar farkon layi kuma ba ado ba ce, ita ke nuna abin da ke cikin sharaɗi. Ka karanta layin ƙarshe na saƙon kuskure, ka duba lambar layin da ya ambata da wanda ke samansa.

Ɗana ya matsa sai na saya masa kwamfuta. Yaushe, kuma wace iri?

Alhaji, in hali bai yi ba, a jira sai ya sami gurbi. A lise littattafai da fitila mai caji sun fi gaggawa. Idan lokacin ya yi, ta hannu mai kyau ta isa: RAM giga 8, ma'ajiya irin SSD, da batir mai rai. Batirin ne ya kamata a fi bincika saboda ɗaukewar wuta: a cika shi, a zare caja, a bar na'urar tana aiki a gabanku na ɗan lokaci a ga yadda yake sauka. A gwada kowane madanni da kowace kafar USB. Waɗanda ke shigowa ta Kano da Katsina galibi jerin QWERTY gare su, na makarantunmu AZERTY. Duka suna aiki, sabo ne kawai. Zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu su ke kashe na'ura a nan: kada a ɗora ta kan katifa, a riƙa share kafofin iskarta, a rufe ta in an gama.

Ina ake karanta fannin a Nijar?

Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen lissafi da anformatik a tsangayar kimiyya da fasaha. Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014, an ware ta ne musamman don fasahar sadarwa ta zamani. A gida, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar kimiyya da fasaha da kuma IUT, cibiyar fasaha ta jami'a. Ka je ofishin rajista ka karɓi jerin fannonin da aka buɗe a shekarar. A Yamai akwai kuma EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, da IAI-Niger, reshen cibiyar anformatik ta Afirka da ke da hedkwata a Libreville, da ESCEP ta fannin sadarwa. Irin waɗannan manyan makarantu sukan tace ɗalibai ta konkur ko ta duba takardu, kuma lissafi da fizik ne kan gaba.

Ka san tsawon kowace hanya: BTS ko DUT shekara 2, lisans 3, masta ƙarin 2, injiniya 5 bayan Bak. Kafin ka biya makaranta mai zaman kanta, ka nemi ganin takardar izininta daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, ka tambaya ko CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, ta amince da wannan digirin takamaimai, ka shiga ɗakin kwamfutocinta ka ƙirga masu aiki.

Cin Bak kawai bai isa ba? Me mansiyon ke ƙarawa, kuma yaya batun burs?

Moyan 10 Passable ne, 12 Assez bien, 14 Bien, 16 Très bien. Inda gurbi ya yi kaɗan, da mansiyon da makin lissafi da fizik ake tacewa. Hukumar ANAB ce ke kula da burs da tallafin ɗalibai, kuma ta hannunta ake sanar da guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa. A nan maki da shekarun haihuwa suna da nauyi. Turkiyya tana da nata shirin, Türkiye Bursları, wanda ake nema ta intanet a farkon shekara, wato tun kana cikin Terminale. Makin Première da Seconde ma ana nema a wasu wuraren, don haka kada ka ce sai shekarar ƙarshe za ka tashi.

Ina so in tsallaka Katsina, Kano ko Zariya. Me ake buƙata?

Tsarin Najeriya daban ne. Hanyar da aka saba ita ce kiredit 5 a jarabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, har da Ingilishi, lissafi da fizik, sannan jarabawar UTME ta hukumar JAMB, darasi 4 a kan maki 400: Ingilishi, lissafi, fizik, da wani darasin kimiyya ɗaya. Digirin shekara 4 ne. Mai Bak ya je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kansa, ya nemi sharuɗɗan ɗaliban waje a rubuce, ya guji dillalai. Babban ƙalubale shi ne sake koyon sunayen abin da ka riga ka sani da Ingilishi, cikin gaggawa, domin UTME zaɓi-ka-danna ce a kan kwamfuta. Ka kuma tuna in ka dawo da digirin za ka nemi takardar daidaita shi da na gida.

'Yata ta fi kowa lissafi a ajinsu, amma ana cewa fannin na maza ne.

Hajiya, babu abin da ke cikin karatun nan da ya keɓanta ga namiji. Abin da ke rage wa 'yan mata maki a Terminale shi ne lokaci: girki, ɗebo ruwa da reno suna cinye sa'o'in da ɗan'uwanta ke bita. A ɗauke mata aikin yamma a shekarar Bak, a bar ta ta shiga rukunin bita. Aikin kansa kuma ana iya yin sa a ofis, a makaranta, ko daga cikin gida.

Yaya zan tsara shekarar Terminale?

Daga komawa makaranta zuwa Disamba ka toshe ramukan Première: deribe, iyaka, tirigonometiri. Daga Janairu ka fara tsofaffin tambayoyin Bak babi-babi. Daga Afrilu, cikakkiyar jarabawa ɗaya kowane mako, da agogo, ba waya, ba leƙen amsa, sannan ka ba malami ko abokin da ya fi ka ya gyara. Ka riƙe littafi guda na kurakuranka kaɗai, ka rubuta dalilin kowanne. Lokacin zafi, bayan sallar asuba ne kai ya fi ɗauka. Ka ajiye lissafi a nan. In yajin aiki ko rashin malami ya ci wani babi, rukunin mutum 3 ko 4 su raba shi, kowa ya koyar da kashinsa a allo. Rubuta shiri kuma ya koma awa ɗaya ko biyu a ƙarshen mako har a gama Bak.

Waɗanne takardu zan tanada, kuma me ke ɓata dosiye?

Takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar makin Bak da shaidar cin sa, takardun makin lise na shekara uku, da hotunan fasfo. Ka yi kofe da yawa, ka kai a buga musu hatimin tabbatarwa a ma'aikatar magajin gari, ka ɗauki hoton kowace a waya ka aika wa kanka ta imel. Mai harin waje ya fara neman fasfo da wuri, domin wa'adin ajiye takardu gajere ne.

Abin da ya fi dawo da dosiye shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa: Mahamadou a wannan takarda, Mahaman a waccan, ko sunan uba ya koma gaba. Ka jera takardar haihuwa, ta BEPC da katin makaranta ka gwada su harafi-harafi tun a Première. In ka ga bambanci, ka kai wa hukumar makaranta kafin a aika sunayen masu zana Bak, domin yadda aka rubuta a wannan jerin haka zai fito a kan diflomarka, kuma gyara bayan nan sai an bi ta ofishin Bak a Yamai, wani lokaci har da kotu.